Idon Inna Dommo da Ɓarawon Wake

Tun ranar Juma'a gidan Hamani mai walda ya rikice da murna. Duk unguwar Talaje, daga bakin famfo har rumfar mai gawayi, ba wanda bai ji ba cewa ranar Lahadi mutanen gidan za su Kure kallon raƙumin dawa. Seyni, autan gidan, shi ya ɗauki shelar a kansa. Yayarsa Zalika ta wanke rigar sallarta ta shanya, ta sauke, ta ga kamar ba ta fita ba, ta sake wankewa. Uwarsu Bibata ta sa an yanka zabi, ta aika kasuwa aka sayo zogale da ƙuli-ƙuli da zoɓo, ta aro kular ƙanƙara a maƙwabta.

Shi kansa Hamani ɗokin bai bar shi ba. A Yamai aka haife shi, a nan furfura ta fara fito masa. Ya ƙera raƙumin dawa na ƙarfe a jikin ƙofofin masu hali ba adadi, amma mai rai bai taɓa ganin ko wutsiyarsa ba, alhali tafiyar ba ta wuce ka karya a gida ka sha shayin hantsi a can.

Sai dai tafiyar nan ba don yara aka shirya ta ba. Don surukarsa ce, Inna Dommo, mahaifiyar Bibata. Yanar ido ta daɗe da rufe wa tsohuwar idanu biyu, har ta kai ba ta bambance jikanta da turmi. Bibata ta je ƙauyensu Tondigoru ta ɗauko ta, likita ya cire yanar idon dama, aka ce na hagu sai Alhamis mai zuwa. Likitan ya ja Hamani gefe ya gaya masa gaskiya: yanar hagun ta nuna har ta wuce, in aka bar ta ta ƙara shekara idon zai mutu, kuma ba mai tashinsa. Ita kuwa tsohuwa tun da aka kwance mata ƙyalle ta ga hasken duniya, sai ta ce ta gode Allah, ido ɗaya ya ishe ta ragowar kwanakinta. Wakenta ya nuna a gona, ɗanta ya tafi cin rani Kwatano, matarsa Hamsatu ga goyo, ba mai tsaron gonar. Ita gida za ta.

Da uwarsa ce, da Hamani ya zauna gabanta ya yi ta magiya har ta gaji ta yarda. To suruka ce. Tun da ya auri Bibata bai taɓa kallon tsakiyar idonta ba, bai taɓa sa loma a baki a gabanta ba, ita ma ba ta taɓa kama sunansa ba. In yana da magana sai ya tsuguna can nesa ya gaya wa bango, ita kuma ta amsa wa buta. Kuma yana ƙaunar tsohuwar nan har ransa. Lokacin da ya zo neman aure da injin walda na aro, kawunnan yarinya duk sun karkata ga wani mai zuwa Kumasi fatauci, ita kaɗai ta tsaya ta ce mai ƙona ƙarfen nan za a ba.

Shi ne ya zauna ya ƙulla dabararsa, ya kawo wa Bibata tana tankaɗe.

"Zaman ɗaki ne ya ishe ta," in ji shi. "Sabon ido abin kallo yake so. Mu fita da ita ta sha iska, ta ga abin mamaki, da kanta za ta ce to da biyu ne fa?"

Bibata ta ajiye rariya. "Ina ka ce za mu?"

"Kure."

"Kure da ke bayan ɗakinmu? Ka ɗauki mai neman hanyar gida ka kai ta bakin ƙofa?"

"Ai shi ya sa. Ta shaƙi iskar gida hankalinta ya kwanta."

"Baban Zalika, kai ɗan birni ne. Raƙumin dawa a wurinka hoto ne. A wurinmu ɓera ne, wuya kawai Allah ya ƙara masa."

Amma Seyni ya riga ya ji daga bayan labule, magana ta fita titi, ba halin mai da ita. Da aka kai wa tsohuwa labari kuwa, ko gardama ba ta yi ba. Ta dubi butarta ta ce, "A gaya wa mai gidan nan Allah ya yi albarka. Da wane lokaci za a tashi?" Hamani ya dubi matarsa yana shafa gemu. Bibata ta ci gaba da tankaɗenta.

Ranar Lahadi da sassafe ya shigo da motar abokinsa Sumana mai taya, wata tsohuwar Fijo da ƙofar bayanta sai an ja waya take buɗewa. Aka loda tabarmi, da kwanon dambun zogale, da soyayyun zabi, da burodi, da kayan shayi, da kular zoɓo. Maƙwabta suka fito bakin ƙofa kamar masu rakiyar alhazai. Matar mai gawayi ta ce a kawo mata gashin wutsiya ko sili ɗaya. Hamani cikin shaddarsa mai ruwan sama da sabuwar hula ya zauna a gaban sitiyari, abu na farko da ya yi shi ne ya karkatar da madubi sama, kada idonsa ya haɗu da na suruka a kujerar baya.

Suka wuce filin jirgi, suka wuce shingen jandarma, gari ya ƙare daji ya buɗe. Lokacin kaka ne, ko'ina dammunan gero a jingine, mata a bakin kwalta da tiren gyaɗa da gwaba. Yara suka kama waƙar makaranta, suka ƙare suka sake kamawa. Duk abin da ya fi jaki tsawo sai Seyni ya ce ga shi can. Ya faɗa wa turken wayar wuta, ya faɗa wa raƙumin wani Buzu.

"Kaka, kin taɓa ganinsa kusa da kusa?" in ji Zalika.

"Na taɓa."

"Yana da kyau?"

"Yana da ciki," in ji tsohuwa.

A Kure akwai rumfa a bakin hanya inda masu kai baƙi wurin dabbobin suke zama, don ba a shiga dajin sai da ɗayansu. Hamani ya tsaya, ya zagaya baya zai ɗebo wa yara zoɓo. Yana ɗaga tabarma sai ga wani ƙunshi a ƙasa, an ɗaure shi tam da tsohon zane. Ya taɓa. Ga buta, ga takalma, ga ƙullin sukari da sandunan sabulu irin na tsaraba. Ashe shi yana shirya yawon shan iska, ita tana shirya motar gida kyauta.

Bai gama mai da tabarmar ba ya ji wata murya a bakin taga.

"Wa nake gani haka? Makauniyar Tondigoru ce a mota? Wa ya saye ki, nawa aka ba da canji?"

Wani dogon tsoho ne siriri da sanda da hular kaba, ya zura kai cikin motar. Nyandu ke nan, ɗan kawun Inna Dommo, wato taubashinta, wanda ya daɗe yana aikin kai baƙi.

Tsohuwa ta rufe idon hagu da tafin hannu ta ƙare masa kallo da na dama. "Wayyo ni. Da na san abin da zan fara gani ke nan da na ce likita ya bar mini yanata. Nyandu, haka ka lalace? Da ina jin muryarka ina zaton mutum ne."

"Baiwata, gaishe da ubangidanki mana."

"Bawan gidanmu dai. Har yanzu kana bin dabba a daji ana ba ka na goro?"

Yara suka fashe da dariya. Hamani kuwa wani tunani ya faɗo masa. Ya ja tsohon bayan rumfa, ya gaya masa komai: maganar likita, da Alhamis, da ƙunshin da ke ƙarƙashin tabarma.

Nyandu ya daki ƙirji. "Kai bakinka a ɗaure yake, ni nawa ko sarki bai ɗaure shi a kanta ba. Tun muna yara nake juya ta. Bar ni da ita."

Ya shiga gaba, Bibata ta koma baya, suka sauka daga kwalta suka kama hanyar amalanke cikin geza da sabara. Nyandu ya fara aikinsa.

"An ce kin gudu daga asibiti kin bar rabin idonki jingina."

"Wanda na taho da shi ya fi naka biyu."

"Tsoron allura ne. Tun tana yarinya haka take, ranar shasshawa a rumbu aka same ta."

"Ƙarya kake. Kai ne ka yi fitsari a wando."

"To in ba tsoro ba ne ki koma a gyara ɗayan."

"Tunda kai ka ce in koma, na fasa ko da ina da niyya. Yau a ɗakina zan kwana."

Hamani ya ji kamar ya buɗe ƙofa ya tura tsohon waje. Ga shi ya ɗauko mai kashe wuta ya zo da kalanzir. Ya yi gyaran murya, ya sake yi, Nyandu bai ko waiwayo ba, daɗin faɗan ya ɗauke shi.

Can tsohon ya ɗaga hannu aka tsaya. Ya sauka ya duba ƙasa, ya kira yara ya nuna musu sawu, faɗinsa kamar faranti, da kashin dabbar ƙanana kamar 'ya'yan aduwa. Seyni ya cika aljihu da su zai kai wa 'yan ajinsu shaida. Nyandu ya cire takalmi ya haye wani gawo kamar yaro, ya kare ido da hannu, ya sauko ya ce a yi gabas. Aka yi gabas. Ya sake hawa wani, ya ce a yi kudu. Mota tana tsalle, kwanoni suna kiɗa a baya, yara suna tsaye a kan kujera kawunansu a waje, shi kansa Hamani zuciyarsa bugawa take kamar ranar da aka kai masa amarya.

Bibata ta miƙo hannu ta mintsine shi a kafaɗa. Ta ce a hankali, "Ka ga kukar can? Ta bakin garinmu ce."

Kafin ya sami abin cewa Nyandu ya dafa sitiyari. "Kashe mota. Kowa ya yi shiru."

Da farko Hamani bai ga komai ba sai itatuwa. Sai wani reshe ya motsa, ya ga ashe ba reshe ba ne, wuya ne. Kai ya fito ta saman bagaruwa, da 'yan ƙahoni biyu masu tuntu, da gashin ido dogaye kamar na amarya. Wani ya fito a bayansa, wani kuma a gefe, ga wata uwa da ɗanta yana bin ta yana harɗe ƙafafu. Suna tafiya ba ƙara ko kaɗan, kamar jiragen ruwa a kan kogin Isa. Hamani ya fito daga mota bai san ya fito ba. Ya manta da likita, ya manta da Alhamis. Ya tsaya baki buɗe yana duban yadda wuyan yake sauka ya haɗu da kafaɗa, da yadda baya yake gangarawa, da zanen jikin kamar an shimfiɗa tsagaggen taɓo a kan zinariya. Ashe duk shekarun nan jaki yake ƙera wa mutane, yana ja masa wuya.

"Baba, ɗauki, ɗauki," in ji Zalika cikin raɗa, tana jan hannun rigarsa. Ya zaro waya ya fara ɗaukar hoto. Seyni da ya cika unguwa da surutu ya maƙale a ƙafar uwarsa, ko tari ya kasa. Ita ma Bibata mai cewa ɓera ne, ga ta nan tana murmushi tana nuna wa yaro ɗan jaririn.

Sai suka ji an ja wayar ƙofa, ƙofar baya ta buɗe.

Inna Dommo ce. Ta riga ta zaro ƙunshinta ta aza a ka, ta ɗaure zane tamau. Amma ba hanyar gari take kallo ba. Gaba kaɗan da itatuwan akwai gona, an girbe geron an bar wake yana yaɗo a ƙasa, kwansonsa ya bushe ya yi fari. A tsakiyar gonar ga wani ƙaton namiji, jikinsa ya yi duhu don tsufa, kunnensa ɗaya a tsage. Ya tale ƙafafun gaba, ya sauko da dogon wuyan nan har ƙasa, yana naɗe wake da baƙin harshensa hankali kwance.

"Gonata ce," in ji tsohuwa. "Kuma shi ne. Ɓarawon nan yana nan da rai."

"Kin san shi, Kaka?"

"Shekara da shekaru nake noma masa. Tun da idona ya rufe sai dai in ji ƙarar taunarsa." Ta sauke ƙunshi, ta sunkuya ta zaɓi hoge mai cika hannu.

Nyandu ya sha gabanta. "Ke Dommo, gwamnati ta hana. Dabbar nan ta fi ni da ke gata. Za ki sa a karɓe mini aiki."

"Gwamnati ta zo ta noma masa nata."

Ta kauce masa, ta ja hannu baya ta saki. Hogen ya tashi da ƙarfinsa, ya faɗi can nesa da dabbar, ko inuwarta bai taɓa ba. Ta ɗauki wani ta ƙara matsawa. Wannan ya wuce ta gefe ya fashe a jikin kututture. Raƙumin dawa ya ɗago kai a hankali, ganyen wake na reto a bakinsa, ya dube ta daga can sama, ya tauna, ya tauna, ya mai da kai ƙasa.

Nyandu ya yi dariya har sanda ta faɗi, ya zauna daɓas. "Yara, ku zo ku ga abin da duniya ta yi. Matar nan da kuke gani, tana budurwa kurciya ba ta sauka a geron ubanta ta tashi. Maza ba sa gasar jifa in tana wurin. Yau ga abu kamar masallaci a gabanta ta kasa samu."

"Kai dai ba ka kai masallaci ba, amma bari ka gani."

Ta sunkuya ta ɗauki na uku. Tsakaninta da Nyandu bai fi tsawon tabarma biyu ba. Hamani kuwa a daidai lokacin ya lallaɓo ta gefe, wai zai ɗauke ƙunshin ya mai da mota kafin ta waiwayo. Ta saki hoge. Ya bar Nyandu inda yake zaune, ya sami Hamani a goshi. Sabuwar hula ta yi sama, ƙasa ta wanke masa fuska da gaban shadda.

Dariyar Nyandu ta tsaya a maƙogwaro. Bibata ta dafe baki. Inna Dommo ta tsaya hannunta a sama, ta dubi wanda ta jefa, karo na farko ke nan da ta kalle shi ido cikin ido. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya, ta durƙushe a kan kunyar gona. Macen da ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, yau ta jefe shi a gaban 'ya'yansa.

Nyandu ya buɗe baki, da gani ka san ya samo zolayar da za ta kai shi har kabari yana ba da labari. Hamani ya ɗaga masa hannu, ya girgiza kai. Ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya je nesa kaɗan ya tsuguna, ya ba tsohuwa gefen kafaɗa yadda ya saba.

"Zalika, zo nan."

Yarinya ta zo.

"Ki gaya wa Kaka ban ji zafi ba, ƙasa ce mai laushi. Ki gaya mata kuma hannunta lafiyarsa lau, na shaida, don da dutse ne da yanzu ana mini salla." Zalika ta ƙunshe dariya. "Ki ce mata ni ma in tartsatsi ya shiga mini ido na ɗaure shi da ƙyalle, ranar duk gudumar da na ɗaga a yatsana take sauka. Ido ɗaya yana gani, amma ba ya auna nisa. Ba laifin mai jifa ba ne."

Ba sai Zalika ta maimaita ba, tsohuwa na ji. Mayafin bai motsa ba. Can daga ciki murya ta fito, ƙasa-ƙasa.

"Ki ce masa wake ba ya jiran Alhamis. In na bar shi kwana uku, kara zan tarar."

Hamani ya dubi gonar. Ya dubi tabarmi da kwanoni a bayan mota, ya dubi rana, ko tsaka ba ta kai ba.

"Ki tambayi Kaka, ko za ta ba mu aron gonarta mu yi shan iskarmu a ciki? Mun zo da hannuwa. Abin da ya bushe mu rore shi yau, ɗanyen da ya rage mu dawo masa Lahadi mai zuwa."

Bibata ta dube shi daga hula har takalmi. "Kai? Da shaddar? Ka taɓa ganin wake in ba a cikin shinkafa ba?"

"Yau zan gani."

Ya tuɓe babbar rigar ya rataya a madubin mota. Nyandu ya tafi a hankali yana tafa hannu yana magana da dabbobin kamar mai lallashin baƙi, har suka ja da baya suka koma cikin bagaruwa, mai tsagaggen kunne a ƙarshe, yana tafe yana waiwaye. Bibata ta juye dambu a faranti aka sami kwanon zuba wake, aka shimfiɗa tabarmi aka mai da su shanya. Seyni ya ruga gari da Nyandu, suka dawo da Hamsatu da goyonta da buhuna, da mata huɗu ko biyar da suka zo ganin idon Dommo suka tarar da aiki. Kafin azahar gona ta zama gidan biki. Matan suka kama waƙa, suna yi wa surukin birni dariya yadda yake tsinke kwanso ɗaya-ɗaya kamar mai cire ƙaya. Zalika da rigar sallarta ta yi buɗu-buɗu. Aka hura wuta aka dafa ɗanyen wake a kwansonsa, aka ɗora shayi. Duk sanda Hamani ya miƙe don ya huta da bayansa, sai ya ga dogayen wuyoyin nan a saman itatuwa suna kallonsu, sai ya sake zaro waya.

Tsohuwa ma ta tashi ta shiga aiki, ta fi kowa sauri, don hannunta ya san wake ko a duhu. Amma maganar Alhamis ba ta ce uffan ba, ƙunshinta kuma yana nan a gindin gawo inda ta ajiye. Hamani yana roro yana satar kallonsa.

Wata wahalar kuma ta same shi da bai yi lissafinta ba. Da aka zauna cin abinci a inuwa, kowa ya sa hannu, shi ya koma gefe yana gyara igiyar buhu. Fili ne fetal, ba bango ba zana, duk inda ya zauna suruka na ganinsa. Ƙamshin zabuwa na dukan hancinsa, cikinsa na kuka har Nyandu ya tambaya ko hadari ne ya taso.

Da la'asar aka ɗaure buhuna, amalanke ya zo ya kwashe zuwa gari. Rufin ɗakunan Tondigoru ga su nan ana hange, har da hayaƙin girki. Hamsatu ta gyara goyo ta ce, "Inna, mu tafi ko?"

Inna Dommo ta je gindin gawo ta tsuguna gaban ƙunshinta. Ta kwance shi, ta fito da sukari da sabulu ta miƙa wa Hamsatu, ta ce a raba wa maƙwabta. Ta ɗaure ragowar. Ta ɗauka, ta tsaya, ta rufe idon dama da hannu ta dubi daji da na hagu, ta daɗe a haka. Sannan ta taka ta je ta ja wayar ƙofa da kanta, ta jefa ƙunshin a kujerar baya.

"Zalika, tambayi ubanki, Alhamis ɗin da safe ne ko da yamma?"

"Da safe ne," in ji Hamani, yana gaya wa tayar mota.

Ta juya ga Nyandu. "Kai kuma ka gaya wa abokinka ya ci abin da ya samu kafin Lahadi mai zuwa. Da biyu zan dawo. Shi gwamnati ta tsaya masa, na ji. Kai wa ya tsaya maka?"

"Ni na sa ki koma, ki riƙa faɗa ana jin daɗi."

"Kai ka sa na kusa ƙi."

Ta ɗauki kwanon da ta rufe tun rana ta ajiye a gefenta, ta miƙa wa Bibata. Cinyoyin zabuwa ne da dambu, ta ware tun kafin yara su kai hannu. Ta ja tabarma ta kai bakin gona, ta zauna ta ba mota baya, fuskarta na kallon bagaruwa.

"A gaya wa mai gidan nan zan ɗan kalli ɓarawona. Zan daɗe, kuma ba na waiwaye."

Hamani ya tsuguna a inuwar Fijo ya buɗe kwano. Yana ci Seyni yana tsaye a kansa yana lissafa waɗanda zai gayyato Lahadi mai zuwa, har da matar mai gawayi, tunda ba a samo mata gashin wutsiya ba. Can gaban tsohuwa, ƙaton nan mai tsagaggen kunne ya sake leƙowa ta saman itace, ita da shi suna kallon juna, ba wanda ya kau da kai.